Baitin da Gwamma Ta Ƙara

Sau goma sha ɗaya Gwamma ta maimaita baitin a gaban madubin otel, har yanzu harshenta na tuntuɓe a kalma ta uku. Matar da ke koya mata ta ƙwanƙwasa kofin shayi da zobe, alamar a sake.

Gwamma kuwa ba ƙaramar mace ba ce. Shekara goma sha takwas tana waƙa, ga fina-finai ashirin da wani abu. Daga Damagaram har Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya da wuya ka shiga shagon ɗan Nijar ba ka ga hotonta a bango ba. Duk gidan radiyon da ya tambaye ta waƙar da ta fi so, amsarta ɗaya ce: "Garwashin Shayi", wadda ta fito da ita duniya. Takan ce a mafarki aka ba ta, har da ɗan share hawaye. Ai 'yar fim ce.

Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya. Tun fitar waƙar ake raɗe-raɗin wai ba tata ba ce, wai ta wata Laure ce, siririyar yarinya 'yar Agadez cikin 'yan amshinta, wadda ta kora saura mako guda a ɗauki murya. Maganar ta ƙi mutuwa. Bara a Maraɗi tana tsakiyar waƙar wasu samari suka riƙa kiran sunan Laure. An kuma ce Lauren tana Tamanrasset, ta yi aure cikin Buzaye, har ita ake kira ta yi wa mata waƙar biki.

Shi ya sa da aka gayyaci Gwamma bikin baje kolin garin, ta amsa tun kafin a rufe baki. Ta rantse sai ta yi wa Laure zambon da zai hana ta shiga taron mata har abada. Kuma ba da Hausa ba, da yaren surukan Lauren, a cikin waƙar da ake cewa tata ce, don kowace tsohuwa daga ƙauyen Tahifet zuwa na Mertoutek ta ji da kunnenta. In aka yi haka, an binne maganar.

Matsalar ita ce Gwamma ba ta jin ko "zo in kashe ki" da Buzanci. Ta sa Salifu, mai shagon turaren da ya kama mata masauki, ya yi cigiyar mai fassara a kasuwa. Washegari wata mata mai jiki ta kawo kanta, lulluɓe da mayafin shuni, ta ce ta ji ana nema. Gwamma ba ta tambayi sunanta ba. Ba ta saba ba. Masu yi mata aiki duk sunansu "ke", kuma ta madubi take ganinsu.

Ta kori kowa daga ɗakin, har Salifu, don kada labari ya kai wa Laure ta ƙi zuwa. Sannan ta faɗi abin da take so a ce: Laure maƙaryaciya ce, waƙa ta Gwamma ce, mai ja ya fito.

Leɓɓan matar suka fara motsi. Kafin shayi na biyu ya tafasa ta ɗora kalmomin a kan karin waƙar, suka zauna daram.

A rana ta biyu, Gwamma na rera waƙar tun daga farko, matar ta ce, "Hajiya, ba a nan ake numfashi ba. Sai an wuce garwashin."

"Shekara sha takwas a nan nake numfashi."

"Na sani."

Gwamma ta gwada, ta ji ya fi daɗi. Abin ya ba ta haushi, amma ta ɗauka. Ta tura wa matar turmin atamfa da ƙafa, matar ta ce a bari tukuna sai aiki ya yi kyau.

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. Ga 'yan aikin gini da siminti a ƙafa, ga 'yan kasuwa sun rufe shaguna, ga Buzaye da rawunansu, mata sun yi gefe guda. Gwamma ta rera "Garwashin Shayi" jama'a na amsawa. Da ta zo ƙarshe sai ta ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya cak.

"Wannan baitin na wata ce," in ji ta da Hausa. "Ta san kanta."

Ta dafa ƙirji ta rera shi sau uku, kalma bayan kalma, ba tuntuɓe ko ɗaya, ta yi numfashi a inda aka ce ta yi.

Fili ya yi tsit. Can wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Wayoyi suka ƙara yin sama. Mata suka juya wa dandali baya, suka yi wa wata zobe a tsakiyarsu. Gwamma ta yi ɗage don ta ga fuskar da ta wulaƙanta, kawuna suka tare ta. Duk da haka ranta ya yi fari ƙal. Yau dai ta rama.

A bakin matakala ta tarar da Salifu, wanda ya shekara ashirin yana ciniki da Buzaye, ya kasa haɗa ido da ita.

"Maimaita mini da Hausa yadda ya fito a yarensu," in ji ta tana goge zufa. "Ina so in ƙara jin daɗinsa."

Salifu ya ce, "Hajiya, cewa kika yi: Ni Gwamma ɓarauniya ce, waƙar nan ta Laure ce. Ga ta can da mayafin shuni, har wannan baitin ita ta koya mini."