Ranar da Layi Ya Zo Kan Mamuda

Mamuda ya faɗa caji ofis ko sallama babu.

"Saje Andrew, mi na yi maka?"

Wata da watanni ya yi yana sintiri kafin 'yan sanda su sa motarsa ta janwe cikin layin waɗanda ake kira idan an yi hatsari. Yau ne karon farko da layi ya zo kansa. Sai ya ji a tashar Yelwa cewa mota ta kife a hanyar Ngaski, kuma Saje ya aika har Kontagora a kira wani mai janwe.

"Koma gida, Malam Mamuda," in ji Saje, bai ɗago kai ba.

"Kwalekwalen ubana na sayar na sayi motar nan. Ni da ɗana Sahabi muka tashe ta daga ɓaraguzai. Gaya mini, nawa mutumin Kontagora ya ba ka?"

Saje ya cire hularsa ya ajiye.

Sai ga ƙarar sarƙa a waje. Mamuda ya fita a fusace ya ga wanda ya ci masa rabo. Janwen ya shigo a hankali, yana jan wata farar akori-kura da ta murƙushe, busasshen kifi na zubowa daga bayanta. Ƙofar direban koriya ce. Mamuda ne ya ɗaura ta da hannunsa, ranar da Sahabi ya fara dakon kifi.

Saje ya biyo shi waje, ya dafa kafaɗarsa.

"Layinka ne, ban manta ba. Amma ba zan aiki uba ya jawo motar da muka ciro gawar ɗansa ba."