Injin da Ya Ƙi Ganin Guba

Injin gwajin ruwa ya yi ƙara, ya zana layi miƙaƙƙe a fuskar kwamfuta. Ko ɗan tudu babu, wato babu guba.

Malama Gaggawa, kamar yadda ake mata laƙabi a ɗakin gwajin, ta ƙura wa layin ido. Ita ce ta koya wa injin tace ruwa ta cikin siririn bututu, ya ware gubar gansakuka kafin shayi ya huce, aikin da a da yake cinye rabin yini. Yau ce ranar gwada hanyar tata. Oga, shugaban ɗakin gwajin, ya rantse in ta kasa, za a koma tsohuwar hanya, ita kuma ta koma wanke kwalabe.

Ga shi ruwan dam ɗin da aka ɗebo jiya ya yi kore shar kamar fenti, kifaye sun mutu birjik. Ko makaho ya san da guba a ciki, amma injin ya ce lafiya lau.

Ta sake ɗiba daga baƙar kwalbar da ta ciro a firji da safe, ta tace, ta zuba. Layi miƙaƙƙe.

Oga yana zaune a bayanta, yana kurɓar koren haɗin da matarsa ke markaɗa masa don rage tumbi. A baƙar kwalbar ɗakin gwaji yake ajiye shi cikin firji, wai haske na kashe wa haɗin ƙarfi.

"Yau uwargida ta cika hannu," in ji shi yana yamutsa fuska. "Har ƙarni yake yi. Da alama zai yi aiki."

Gaggawa ba ta ko waiwayo ba. Ta canza bututu, ta wanke allura, ta roƙi injin, ta zage shi, har ta ɗan shafa masa kai. Ƙwalla ta cika mata ido, don ta ba wa wannan aiki ƙuruciyarta.

"To, Malama, sai haƙuri," in ji Oga. Ya ɗaga kwalbarsa ya shanye tas, ya dire ta a gabanta. "Fara da wanke wannan."

Ta haɗa da tata kwalbar ta nufi famfo. Da ta tuttular da ragowar ruwan gwajin, sai ƙamshin lemun tsami da kokwamba ya bugi hancinta. Ta juya kwalbar Oga a hankali, sai ga ɗan mitsitsin mataccen kifi ya faɗo.