Famfon da Ya Iso Gidan Ɗan Ga-ruwa

To, Tanimu, na ji an saka ka cikin hukumar ruwan gundumarmu, har ka fara tafiya kana buɗa kafaɗa sai ka ce wanda aka ba hakimci. Madalla, Allah ya taya riƙo. Ja tabarmar nan ka zauna, kawunka zai ba ka misali guda, in ka ga dama ka ɗauka.

A wani gari da ke gindin tudu an taɓa kafa irin wannan hukuma taku, aka zuba mata mutanen da kowa ya san asalinsu. Akwai tsohon malamin makaranta, akwai sarkin fawa, akwai unguwarzoma wadda rabin garin a hannunta suka faɗo duniya. Sai kuma wani ɗan ga-ruwa da ya ƙare ƙuruciyarsa da sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya, har kafaɗar ta yi kanta. Da shi aka fi murna, don an ce wanda ya yi dakon ruwa shi ya san zafin rashinsa. Bututun da ake turo musu daga birni ba ya wuce na unguwa ɗaya a shekara, sai hukuma ta zauna ta zaɓi inda za a ja. Malamin ya roƙa wa unguwar makaranta, aka ja. Sarkin fawa ya ce mayanka ba ta yiwuwa ba ruwa, aka ja. Unguwarzoma ta ce ta gaji da karɓar haihuwa da ruwan kududdufi, aka ja zuwa ɗakin shan magani. Ba wanda ya ga laifinsu, don gaskiya suka faɗa. Amma duk sa'ad da layi ya zo kan unguwar ɗan ga-ruwa, wadda ke can saman tudu, sai ya girgiza kai ya ce a kai wa wasu. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada a ce talaka ya samu kujera ya fara da cikinsa. Aiki kuwa ba a magana. In bututu ya fashe shi za ka gani cikin taɓo, wando a naɗe. In injin turo ruwa ya tsaya shi ke hawa bayan babbar mota ya tafi neman makaniki. In faɗa ya kaure a bakin famfo shi ke rabo. Ko ƙusar hukuma ba a taɓa kama shi da ita ba, har liman yakan yi misali da shi ranar Juma'a.

Ga inda abin yake ba ni haushi, wallahi. Lokacin da yake ɗan ga-ruwa, matarsa ba ta taɓa ɗora tulu a ka ba, shi ke cika mata randa kafin ya fita neman na cefane. Da ya shiga hukumar ruwa sai gidansa ya fara ƙishi. Shi yana can yana hidimar gari, ita ke saukowa daga tudun nan da tulu, ta hau, ta sake saukowa, ga shekaru sun fara ja. Ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya ta ce masa, "Malam, gari duk ya sha, mu fa yaushe?" Ya ce ta yi haƙuri, baɗi in Allah ya kai mu. Baɗi ta zo ta wuce, wata baɗin ta zo. Ran nan da damina santsi ya kwashe ta a tsakiyar hawa, tulu ya fashe, ƙugu ya karye. Ɗansu guda ɗaya da ke aiki a wani gari ya zo ya ɗauke ta, bai ɗaga murya ba, bai kuma zauna ya sha ruwan gidan ba. Dattijo ya ce zai bi su da zarar an gama haƙan da ake yi a bayan kasuwa. Yana cikin ramin nan aka zo masa da labarin rasuwarta. Daga nan gidan ya zama shi kaɗai. A bakin famfo kowa gaishe shi yake yi da girmamawa, ana sa masa albarka, amma hawa tudu da wuya, ba mai bin sa gida. Yakan dafa ɗan abin da zai ci a gwangwani, ya ci yana kallon ƙofar ɗakinta a rufe. Kunya ta kama abokan aikinsa, suka yi zama ba da saninsa ba, suka ja bututu har tsakar gidansa. Ranar da aka saki ruwa ya murɗa kan famfon, ruwa ya zubo garau, mai sanyi, da ƙarfinsa. Ya juya zai yi kira a kawo mazubi, bakinsa har ya buɗe. Sai ya tsaya haka, ruwa na malala ta ƙarƙashin ƙafafunsa yana fita ta rariya, yara a waje suna ihun murna suna tara robobinsu.

Saboda haka, ɗana, ka yi wa jama'a aiki da gaskiya, ban ce ka ɗauki ko tsinke ba. Amma waɗanda ka bari a gida su ma jama'a ne, kuma su ba su da wata hukuma sai kai. Kada ka yarda a yi maka kirarin da Hausawa ke yi wa irin wannan bawan Allah: inuwar giginya, na nesa ka sha.