Ƙofar da Ta Ƙi Buɗe wa Halliru

Jamilatu ta goge dokar da ta sa wa kwamfuta, ta sake rubuta ta, ta ɗauki waya ta ce wa Halliru ya ƙara gwadawa. Ya gwada, ya ce har yanzu ƙofar a rufe take.

Ofishin ƙungiyar masu burtsatse ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwar Isa. Akwai faranti a kan rufi mai kamo intanet, akwai saba, wato babbar kwamfuta, a ƙarƙashin tebur, kuma daga wannan sabar ake kunna famfunan sola ana kashe su. Damina biyu ke nan gero yana ƙonewa kafin ya fid da kai. Rijiyoyi sun ƙafe, ga shi tun shekaranjiya babban famfon gari, wanda ke bayan ofishin, ya ƙi tashi. Ta taga tana hango jarkoki jere har bakin masallaci. Matan ma sun gaji da faɗan layi, sun zauna kawai.

Halliru ne ya haɗa na'urorin nan duka. Shi ya koya mata aikin, ita da ta koyi karatu daga tsofaffin littattafan ƙannenta. Shi ya hau hasumiya ya ɗaura eriyar da ke kai layin ofis har burtsatsen Tungar Kalilu, ƙauyensu. Da 'yan bindiga suka afka wa Tunga, suka kore shanun mahaifinta, suka zauna a gidajen mutane, shugaban ƙungiya Malam Yari ya sa ta kashe famfon can, ta kuma toshe hanyarsa zuwa saba. Eriyar dai tana nan, ba mai iya zuwa ya kwance ta.

Bayan wannan ne Halliru ya ce za shi Agadas neman aiki, in ya dawo a ɗaura musu aure. Kullum yana kira, muryarsa garau kamar yana bayan zana. Wani lokaci ya ce yau ma hadari ya haɗu ya watse, ita kuwa ta ɗaga kai ta ga nasu hadarin yana watsewa, sai ta ji daɗi a ranta, wai sama ɗaya ce ta lulluɓe su.

Da ta gaya masa famfo ya tsaya, bai yi wata-wata ba. Ya ce zai iya gyarawa daga inda yake, ta dai buɗe masa ƙofa ɗaya a fayawol, katangar da ke tsare sabar, ta yadda duk wanda ya ƙwanƙwasa da lambar da suka yarda a wuce da shi ciki. Malam Yari ya hana a buɗe wa kowa. Ta buɗe ba ta gaya masa ba. Halliru ai ba kowa ba ne.

Amma ƙofar ta ƙi shi. Ta duba lambar, daidai take. Ta duba ko wata doka ta sha gaban tata, ta mayar da ita sama. Ta kashe sabar ta kunna. Ta fita tsakar rana ta tsaya inda wayarta ke kama layin Nijar, ta ƙwanƙwasa da kanta, nan take shafin ya buɗe yana neman kalmar sirri. Ta kira ƙawarta Larai a Sakkwato ta karanta mata adireshin, ita ma ya buɗe mata.

Halliru ya ce shi dai juyi kawai abin ke yi, sai ya rubuta ba amsa. A bayan muryarsa akwai kukan shanu, irin na dabbar da ta wuni ba ta sha ba. Ta tausaya, ta ce ashe can ma haka farin yake. Ya ce ƙwarai.

Wajen la'asar wata tsohuwa ta leƙo ta tambaya ko su koma gida ne. Jamilatu ta ce su ƙara haƙuri kaɗan.

"Jamila," in ji Halliru, muryarsa ta yi laushi. "Toshewar nan da kika yi ma Tunga, ita ta rikita komi. Cire ta ɗan lokaci, za ni shiga in gyara, ki maida."

"Malam Yari fa?"

"Malam Yari ka ba su ruwa, ko ni?"

Ta kai kibiya kan dokar da ta toshe Tunga. Dannawa ɗaya ce ta rage. Sai ta ce bari ta ƙara gwadawa da wayarta tukuna, don hankalinta ya kwanta. Ba ta tashi daga kujera ba, ta buga adireshin.

Abin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, ya rubuta ba amsa.

Ta duba saman wayar. Layin Nijar ya ɗauke tun shigowarta ɗaki, wayar ta koma kan layin ofis da kanta. Ta fita rana, ya buɗe. Ta dawo ciki, ya ƙi. Ta sake fita, ta sake dawowa, duk haka. Dokarta ba ta da laifi. Ƙofa ce da aka yi wa na waje, ba ta amsa wa wanda ya ƙwanƙwasa daga cikin gida. Ashe Halliru ma daga layin cikin gida yake ƙwanƙwasawa.

Halliru yana ta kiran sunanta a waya, yana tambaya ko ta cire. Ta janye hannunta daga kan tebur, ta leƙa ta taga. A gindin famfo ba kowa sai mata da jarkoki. In ba nan ba kuwa, wuri ɗaya ne kawai layin cikin gida ke kaiwa: bakin burtsatsen Tungar Kalilu, inda mutanen da suka kore shanun mahaifinta ke zaune suna jiran a kunna musu ruwa.