Murfin Kabad Na Maɗaci

Murfin kabad ne ya sake saki, in ji mutumin da ya zo kiran Malam Maharazu kafinta. Ya same shi a zaure, zaune kan buzu, akwatin kayan aiki a gefe, ga kwanon abinci a rufe ƙuda na kewaya shi.

Maharazu bai taɓa kwanon ba. Bai san wanda ya ajiye ba, kuma tun yana saurayi ba ya cin abin da bai yi wa gumi ba.

Ya miƙe da ƙyar, gwiwa tana ƙara. A da, in za a yi jeren amarya a Daura, sai an jira shi. Daga Sandamu ake zuwa, daga Baure ake zuwa. Yanzu masu katakon dusa sun cinye kasuwa, irin wanda ruwa kaɗan ke kumbura shi. Ba mai kiransa sai gidan nan. In ya kasa wannan aiki, to, sunan kafinta ya bar shi ke nan.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Ko shekarar ce, ko wadda ta biyo ta, Allah masani. An dai sake rubuta "Ba Shiga" a ƙofofin gidaje da sabon fenti. Shi Maharazu bai taɓa buƙatar rubutu ba. A bakin ƙofar tsakar gida ya ja ya tsaya.

"Maigidan ya sani?"

"Ya sani, Baba," in ji mutumin. Kalilu sunansa, magidanci, furfura ta fara taɓa gemunsa. "Shi ya ba da izini."

Sai da ya yi sallama aka amsa, sannan ya shiga, ido a ƙasa. Bai tambayi inda kicin yake ba. Gidajen cikin gari duk tsarinsu ɗaya, haka ya ce a ransa.

Matar gidan, Hajiya Mardiyya, tana tsaye jikin murhu, ta lulluɓe da mayafi. Tsohuwa ce gajera, idanunta irin na wadda barci bai ishe ta ba.

"Sannu da zuwa, Malam."

"Yauwa, Hajiya. Ina aikin?"

Ya durƙusa gaban kabad ɗin, sai gajiyar ta ɗan sake shi. Maɗaci ne tsantsa, mai ɗacin nan da gara ba ta so. An ɗaga shi daga ƙasa kan ƙafafu don kada ruwan wanke-wanke ya taɓa gindinsa. Kusurwoyin an sassaƙa su ne aka cusa cikin juna, ba ƙusa ko ɗaya. Kantocin sama ma an sauko da su, yadda gajeriyar mace za ta ɗauko tukunya ba tare da ta taka kujera ba.

"Wanda ya yi wannan ya san aiki," ya ce. "Ya kuma san mai shi."

Hajiya ta gyara mayafinta. Kalilu ya juya yana kallon bango.

Aikin bai taka kara ya karya ba. Ƙusoshi masu zare da ke riƙe da ƙarfen murfin ne suka kwance. Amma ido ya yi hazo. Sukundireba ta zame, ta sake zamewa, ta karce katakon. Zufa ta keto masa. Kalilu ya matso zai karɓa.

"Bar shi," in ji Hajiya a hankali.

Maharazu ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya bar yatsu su nemo ramin da kansu. Ƙusa ta kama. Ya murɗa har ta ƙi motsi, ya koma kan ta biye. Ya buɗe murfin, ya rufe. Ko ƙara babu.

Sai faɗa ya taso masa, faɗan masu sana'a.

"Hajiya, ana wasa da kayan nan. Dubi kan ƙusoshin, duk sun cinye, kamar ana sa musu wuƙa. Kada a rataya tsumma mai ruwa a murfi. A goge da busasshen ƙyalle, a ɗiga man gyaɗa a ƙarfen in ya fara kuka. Tukunya mai zafi ba ta hawa kanta. In damina ta kama, a bar shi a buɗe ya sha iska."

"To, Malam. Za a kiyaye."

"Haka kuke cewa kullum."

Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ajiye tuwon dawa da miyar kuka, da man shanu a kai.

"Ladan aiki ne," ta ce. "Ba kyauta ba."

Tunda ladan aiki ne, ya wanke hannu. Daddawar ta ji daidai yadda yake so, barkono kaɗan. Ya cinye tas, ya sha ruwa, ya yi hamdala.

"A gaida maigida. A ce masa ya riƙe mai girkin nan da kyau."

"Zai ji."

Ya ɗauki akwatinsa, ya koma zaure, ya zauna jiran wani aikin.

Kalilu ya dubi mahaifiyarsa. "Inna, har yaushe?"

"Har ranar da ƙusoshin suka daina kamawa."

Ta cire mayafin ta rataye. Ta ɗauko wuƙar yankan albasa, ta durƙusa gaban kabad ɗin da mijinta ya ƙera mata da hannunsa tun kafin ya manta da ita, ta fara kwance ƙusoshin, don gobe ma ya sami dalilin shigowa gidansa ya ci abinci.