Tauraruwar Lantana

Tun da aka kawo gilashin mota mai warkar da kansa, babu mai tsoron tifar tsakuwa. Amma da wata ta gifta su a hanyar Funtuwa, Malam Tanimu, tsohon direba, ya miƙa hannu ya dafe gilashin da babban yatsa.

'Yarsa Jummai, da ke tuƙi, ta yi murmushi. "Baba, ai an daina wannan."

"Innarki ce ta saba min."

Marigayiya Lantana ta yi imani yatsa na hana gilashi tsagewa. Ranar da suka ɗauko Jummai daga asibitin haihuwa, hannuwan Lantana biyu na rungume da jaririyar, sai dutse ya samu gilashin tsohuwar motarsu, ya bar tabo kamar tauraruwa. Ta hana a canza shi, har doka ta kwashe tsofaffin motoci.

Ƙas! Tsakuwa ta daki gilashin daidai gabansa, wurin zaman Lantana.

"Rage gudu, Jummai, in gani."

Ya shiga lalubar tabarau a aljihu. Kafin ya saka, gilashin ya haɗe sumul, har shatin yatsansa ya goge.