Sunan Ɗan Fari

Ranar da wa'adin tsohuwar manhaja ya cika, Tasalla ta kai kwamfutar marigayi ɗanta shagon Sallau mai gyara. Muryar ɗan tana ciki, ita ke tuna mata shan magani kowace safiya.

Sallau ya ce, "Inna, sabuwar ba ta karɓar ajiyar mamaci sai danginsa sun kira sunansa da baki. In ba haka ba, gogewa take."

"Ɗan fari ne fa, Sallau. Shekara arba'in ban taɓa kama sunansa ba."

"Saura minti ɗaya, Inna."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. A hankali ta ce, "Habibu."

Kwamfutar ta amsa: "Wannan muryar ba ta taɓa kiran sunan nan ba. An goge."